Layar Sauraron Numfashi

Ranar nan wani daga cikinku ya ɗauki tsohuwar ɗamarar da ke rataye a bangon shagona, ya jujjuya ta, ya ce, "Baba Sabi'u, wai wannan ce sana'ar da ka ƙare ƙuruciyarka a kai? Ai roba ce da waya." Kuka bushe da dariya, ni ma na taya ku. Gaskiyarsa, roba ce da waya. Ku yanzu kuna da na'urar da ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba, ku liƙa wa yaro, ku koma gefe kuna kallon wayar hannunku tana zana muku numfashinsa. Ba na yi muku fatan zamaninmu, ya ba mu wuya. Amma tunda kun ɗauki abin wasa, ku ja benci ku zauna.

Akwai yaran da in sun yi barci maƙogwaronsu ke toshewa. 'Ya'yan wuya sun kumbura, ko nama ya tsiro a bayan hanci, sai yaro ya yi ta minshari kamar ƙaton gardi. Can numfashin ya tsaya cak, ƙirji na ja, iska ba ta shiga, sai ya zabura ya shaƙa ya koma barci. Da rana a gaban likita kuwa lafiyarsa lau, yana ta tsalle. Likita ba ya kai yaro ɗakin tiyata saboda uwa ta ce ta ji ko ta gani, shaida yake so a takarda. Aikina shi ne ƙera abin da zai kawo wannan shaidar: abin da za a ɗaura wa yaro, ya yi barci da shi, ya zana kowane numfashinsa ɗaya bayan ɗaya. Haɗa wayar ba ta taɓa hana ni sakat ba. Abin da ya fitar mini da furfura shi ne shawo kan ɗan shekara biyu ya yarda ya rufe ido da baƙon abu a jikinsa.

A nan Libreville aka haife ni, a unguwar Nzeng-Ayong. Mahaifina mutumin Kano ne, cinikin yadi ya kawo shi. Na yi lekol, wato boko, da Faransanci har makarantar koyon sana'a, na fito da takarda a hannu da girman kai cike da ciki. Mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Oga Bulus, wani Kirista mutumin Kafanchan da ke gyaran rediyo da talabijin a bakin titi. Ranar farko na miƙa masa takardata. Ya duba gaba, ya duba baya, ya ce, "Kyakkyawar takarda. To ajiye ta, Sabi, ɗauki tsintsiya." Wata uku ina shara ina ware sukurori manya da ƙanana kafin ya bar ni na taɓa ƙarfen dalma na liƙe waya.

Kayan aikinsa ba su cika akwati ɗaya ba. Ƙarfen dalma biyu, ɗaya na lantarki ɗaya na ɗorawa a gawayi don ranar da aka ɗauke wuta. Mita mai allura, wadda yake shafa wa fuska da gefen rigarsa kafin ya kunna. Tsohon buroshin haƙori na kankare koren tsatsar da danshin garin nan ke shimfiɗa wa kowace waya. Sai kwalaben shinkafa, inda yake binne ƙananan kaya don kada laima ta cinye su. Idan an kawo rediyo ba ya kwance shi nan take. Sai ya zaunar da mai shi ya yi ta tambaya: a ina kake ajiye shi, kusa da murhu ko kusa da taga, wa ke kunnawa, yara na taɓawa? Ni a lokacin gani nake surutu ne kawai irin na tsofaffi.

Wani aiki guda ya fitar da ni daga shagon. Wata likitar yara, 'yar ƙasar nan, ta dawo daga karatu a waje da injin zana numfashi, ta buɗe ƙaramin asibiti a unguwar Batterie IV. Damina ɗaya injin ya yi ya mutu. Direbanta ya kawo shi wurin Oga, Oga ya ga rubutun jikinsa duk Faransanci ne, ya tura mini. Kwana huɗu na yi a kai, ashe wata 'yar waya ce laima ta ci. Da na mayar, Madam Likita, haka kowa ke kiranta, ta ce in tsaya in ga yadda ake aiki da shi. Injin yana da allurai masu zafi da ke ƙona layi a kan takarda mai tafiya a hankali. Ɗamara a ƙirjin yaro tana motsa allura ɗaya. Wani ɗan dutse kamar tsakiya da ake liƙawa a ƙarƙashin hanci yana jin ɗumin iskar da ke fita, ya motsa ta biyu. Daga tsayawa kallo na zama ma'aikaci.

Barcin rana muke aunawa, don asibitin ba shi da masu kwana. A gaya wa uwa ta tashi yaro tun asuba, kada ta bar shi ya runtsa, ta cika masa ciki, ta kawo shi bayan azahar. Akwai ɗaki mai duhu da fanka da ɗan gadon ƙarfe. In ɗaura ɗamara, in liƙa na hanci, in zura wayoyin ta ƙarƙashin ƙofa, in fita baranda in zauna da injin. Fitar nan dole ce. Uwa za ta sassauta zane, wata ta ba da nono, ba ta sakewa da namiji a tsaye a kanta, ni ma kunyar nake ji. Shekaru na yi ina zaune a barandar nan, idona a kan allura, bayana a jikin ƙofa.

Wani yaro da ba na mantawa, waya uku ya tauna mini a zama ɗaya. Na koma gida na yi dabara, na jiƙa ganyen shuwaka na shafe wayoyin da ruwan. Yara biyar dabarar ta yi wa aiki, su ɗanɗana su yamutsa fuska su saki. Na shida ɗan wata 'yar Kamaru ne, a gidansu miyar shuwaka ake sha kullum. Ya lashe wayar tas ya miƙo hannu yana neman ƙari. Tun daga ranar na koyi fitar da waya ta baya, tsakanin kafaɗu, inda hannu ba ya kaiwa.

Sai shekarar da aka karya darajar sefa, kuɗin ƙasar nan. Muka kwanta da kuɗinmu, muka tashi rabinsa ya tafi ba tare da ɓarawo ya shigo ba. Duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka, wani ma ya ɓace daga kanti. Madam Likita ta kira ni ta buɗe durowa: ɗamara biyu da suka saki, na hanci guda ɗaya, takarda naɗi uku. Ta ce, "Musye Sabi'u, ko ka ƙera mana, ko mu rufe ɗakin nan." Takarda Oga Bulus ya warware mini ita. Ya ce ai takardar faks ma zafi ke zana ta. Muka riƙa sayen naɗi, mu yanka da zarto mai ƙananan haƙora daidai faɗin injin, mu goge bakin da takardar yashi.

Ɗamarar ita ta ci mini wata biyu. Ta waje, waya ce aka ɗinka zagaye da ƙirji, tana auna buɗewar ƙirjin gaba ɗaya, kuma ban sami kayan haɗa irinta ba. A cikin katunan gaisuwa masu kiɗa na sami mafita. Akwai wani ɗan faifan tagulla a ciki, shi ke fitar da sautin, kuma idan ka danna shi yana ba da 'yar wuta kaɗan. Na sa shi cikin aljihun yadi a gaban ɗamarar roba, daidai ƙahon zuci inda motsi ya fi yawa. Ƙirji ya taso ya danna faifai, allura ta hau, ya sauka ta sauko. Yayata Rabi, tela ce a unguwarmu, ita ke ɗinka su, ita ke wanke su bayan kowane yaro. Na gwada tawa da ta waje a jikin yaro ɗaya a kan gado, zanen ya fito iri ɗaya sak. Ranar ban taka ƙasa ba don alfahari.

Ba mu gama farfaɗowa ba aka shiga kamen baƙi. Aka ba duk wanda ba shi da katin zama wa'adi, ko ya biya ya samu ko ya bar ƙasar, kuma kuɗin katin ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Shingaye suka cika titi. Rumfuna a kasuwa suka yi ta rufewa, masallacinmu da ke cika har waje ya koma sahu uku. Ni ina da kati. Oga Bulus ba shi da shi. Ya sayar da shago, ya bar mini mitarsa mai allura, na raka shi tashar jirgin ruwa. Ban sake ganinsa ba, kuma har yau abin na yi mini ciwo.

A tsakiyar wannan aka kawo Balki. Shekararta biyu da 'yan watanni, amma in ka gan ta ka ce ba ta cika ɗaya da rabi ba. Bakinta a buɗe, tsakiyar ƙirjinta ya lotsa. Iyayenta mutanen Maraɗi ne. Uban, Malam Illa, agogo yake sayarwa a tire, ba shi da kati, ya riga ya yanke shawarar komawa gida ta mota. Uwar, Hajara, ita ta nace sai an duba yarinyar kafin su tafi.

Ta ce mini, "Malam, ɗiyar ga ba ta kwana irin na mutane. Tana minshari sai lumfashin ya ɗauke, in ƙirga har goma, in girgiza ta. Ni tun haihuwatta ban yi kwanan kirki ba, tsoro nike in rufe ido ta tafi."

Malam Illa ya ce, "An cire mata belu tun tana jaririya. Wanzami ya sake dubawa ya ce babu komi. Tsoron mata ne kurum, amma a auna, hankalinta shi kwanta."

Idan abin da uwar ta faɗa gaskiya ne, yarinyar na bukatar a cire mata 'ya'yan wuya, kuma a ƙauyen da za su koma babu mai yin wannan aikin. Ko a nan, ko babu.

Na ɗaura mata ɗamarata. Na hancin sau uku ina liƙawa tana fizgewa, na huɗun ta kusa tsinke shi, shi ne kuma guda ɗayan da ya rage mana. Na ce a bar shi, ɗamara ta isa. Na fita baranda. Ta yi ta tsala kuka, allura na hauka a kan takarda. Ruwa ya kece a kan kwano har ba na jin komai daga ɗakin. Can allura ta natsu, ta fara zana tudu da kwari, tudu da kwari, a jere kamar kunyoyin gona. Awa ɗaya da rabi babu inda ta tsaya. Ban taɓa ganin zane mai kyan wannan ba, har na ji daɗin aikin hannuna.

Ranar asibitin cike yake da masu neman takardun lafiya don tafiya. Madam Likita ta ware takardar a tsaye, ta bi ta da ido daga farko zuwa ƙarshe, ta ce ba ta ga inda numfashi ya tsaya ba, ba dalilin wuƙa. Ta rubuta maganin ɗigawa a hanci. Malam Illa ya roƙi in yanka masa guntun takardar, na yanka masa. Ya nuna wa matarsa ya ce, "Kin gani? Inji ba shi ƙarya." Ta ɗauki 'yarta, ta dube ni sau ɗaya, suka fita.

Kwana uku bayan nan na je karɓar wanki wurin Yaya Rabi. Ta ware ɗamara ɗaya gefe ba ta wanke ba.

"Sabi'u, wa ya goya yaro da wannan?"

"Ba a goyo a ɗakin gwaji, Yaya. A gado ake kwantarwa."

"Da idonka ka gani?"

"Ina baranda."

"To zo ka gani da idon." Ta shimfiɗa ta a kan keken ɗinki. "Gaba shuɗi, wannan rinin rigar uwa ne zufa ta narkar. Baya ja, wannan zanen goyo ne. Kai da ka yi lekol, ka taɓa ganin 'yar mutanenmu ta yi barcin rana a gadon ƙarfe, uwarta na zaune tana kallo?"

Ɗamarar Balki ce. Na ɗauko mitar Oga Bulus, na ɗaura ɗamarar a jikin ƙaramin buhun shinkafa, na ce Yaya ta goya shi. Ta goya tana dariya, tana cewa yau ta ga jika mai auki. Na haɗa wayoyin. Allura ta hau, ta sauko, ta hau, ta sauko. Buhun shinkafa na numfashi lafiya lau. Faifan yana gaba, gaban yaro kuwa a goyo manne yake da bayan uwa, zane ya matse su. Duk lokacin da uwar ta shaƙi iska, bayanta ya danna faifan, kuma ƙarfinta ya danne na yaron.

Na tari taksi zuwa Batterie IV, na zaro takardar Balki na ƙirga tudun da ke cikin minti ɗaya. Goma sha shida. Yaro mai shekarunta yana yin ashirin da wani abu ko a cikin barci mai nauyi. Na ɗora hannu a ƙirjina na ƙirga nawa, goma sha shida. Awa ɗaya da rabi na zauna ina yaba numfashin Hajara. Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya, don na san akwai mutum a gari da ke yawo da takardata a aljihu yana cewa 'yarsa lafiya lau. Duk shekarun nan ban taɓa tambayar uwa ko ɗaya yadda ɗanta ke barci a gida ba.

Madam Likita ta saurare ni har ƙarshe. Ta ɗauki takardar ta ƙirga da kanta, ta ce, "Ni ma ya kamata in ƙirga." Ta ce sauran yaran da aka auna da sabuwar ɗamara za a sake kiransu ɗaya bayan ɗaya, kuma an yi hakan daga baya. "Amma iyayen wannan yarinyar tafiya za su yi. Nemo mini ita."

Nemo ta kaɗai bai isa ba. Hana goyo ba zai yiwu ba, yarinyar ba za ta yi barci ba. Ina bukatar abin da goyo ba zai ruɗa ba, wanda kuma ba za ta fizge ba. Ina zaune a tsakar gidan Yaya ina kallon jikokinta suna birgima a ƙasa, sai na lura da wuyansu. Yaran nan suna cire hula, suna jefar da takalmi, suna yage riga, amma babu wanda ke taɓa layar wuyansa. Tun suna jarirai take nan, sun manta da ita. Na kwance wata tsohuwar rediyo mai kaset, na ciro ɗan makirfon ɗinta, bai fi ƙwayar wake ba. Na kai wa wani baduku, ya ɗinka masa jakar fata irin ta laya, da 'yar huda ta gefen da ke taɓa fata, wayar ta bi cikin igiyar ta fita ta ƙeya. In ta kwanta a ramin wuya tana jin shigar iska da fitarta a maƙogwaro. Na haɗa abin da zai mai da sautin motsin allura. Kwana biyu na yi a kai, na gwada a jikar Yaya tana goye. Uwar na numfashinta, allura na bin na yarinyar.

Ɗakin su Malam Illa a Nzeng-Ayong na tarar da shi a rufe da kwaɗo. Maƙwabta kowa ya ce bai san wani Illa ba, bai ma taɓa jin sunan ba. Ban ga laifinsu ba. Mutum da riga a soke cikin wando yana tambayar baƙo a irin wannan lokaci, ni ma da ba zan san kowa ba. Sai bayan la'asar ladanin masallaci, wanda ya san mahaifina, ya ja ni gefe ya ce suna garin Ntoum, wajen birni, a bayan wani sito na ayaba, suna jiran motar da za ta yi arewa ranar Asabar. Ranar Laraba ce.

Da safe na ɗauki injin, da batirin mota, da layata, na shiga taksi-bus, ƙaramar motar haya. Shinge uku muka wuce, kowanne a sauko a nuna kati. A na ƙarshe jandarma ya ce in buɗe akwatin, ya ga allurai da wayoyi ya ɗaure fuska. Na ce ya ba ni izini, na ɗora masa layar a wuya na kunna. Ya ga allura na rawa da numfashinsa, ya riƙe numfashi ta tsaya, ya saki ta motsa. Ya kira abokinsa shi ma ya gwada. Da ƙyar direba ya karɓo ni daga hannunsu.

A bayan siton, iyalai sun kai goma, kowa zaune a kan ƙullin kayansa. Malam Illa ya gan ni ya miƙe. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun takardar.

"Kai ka ba ni wagga da hannunka."

"Ni na ba ka, Malam Illa, kuma ba daidai ba ce. Numfashin mai ɗakinka ne a kai. Kuskurena ne, ba na kowa ba."

Na juya wurin Hajara. "Maman Balki, yaya take barci a gida?"

"Bisa bayana."

"Ranar nan a asibiti fa?"

"Ta ƙi gadon, sai ni goya ta. Ba wanda ya ce mini kar in goya."

Gaskiyarta, ba wanda ya ce. Na fito da layar. Balki na da layu biyu a wuya, na kakarta. Malam Illa ya karɓa ya jujjuya ya ce, "Wane malami ya rubuta ta?" Na ce malamin da ya koya mini Kirista ne, kuma abin da ke ciki kunnen rediyo ne. Ya yi 'yar dariya, ta farko tun zuwana, ya miƙa wa matarsa. Ta rataya wa yarinyar, Balki ko kallon layar ba ta yi ba.

Wannan karon na roƙi izini na zauna a ɗakin, shi ma ya zauna. Hajara ta goya ta, ta yi 'yan zagaye, ta zauna a kan turmi ta sunkuya. Ba a jima ba minshari ya tashi, allura ta yi ta karkarwa. Sai ta miƙe sambal. Layi ɗaya, babu tudu babu kwari. Ina ganin kafaɗun yarinyar suna ja a cikin zane, ba abin da ke shiga. Malam Illa ya ciro agogo ɗaya daga cikin hajarsa, ya kafa masa ido. Daƙiƙa goma, sha biyar, ashirin. Balki ta zabura ta shaƙa da wata irin ƙara, allura ta yi tsalle. Ba a yi minti biyu ba ta sake miƙewa. Ya ƙirga na biyu, ya ƙirga na uku. Wajen na goma ya ajiye agogon a ƙasa.

Ya ce wa matarsa, murya ƙasa-ƙasa, "Kullum haka?"

Ta ce, "Kullum."

Ya dubi ƙullin kayansu. Wa'adi na matsowa, kowace rana a ƙasar nan ba kati tana iya ƙarewa a bayan motar jandarma, kuma ya riga ya biya kuɗin mota. Sannan ya ce, "Ta Assabar ta tafi ba da mu ba."

Washegari Madam Likita ta zo da motarta ta ɗauki uwa da 'ya, da wasiƙar asibiti a hannu saboda shingaye. Wani abokin aikinta ya yi tiyatar. Malam Illa ya zauna a Ntoum yana kallon motoci na tafiya da maƙwabtansa.

Ku da kuke da na'ura mai kyau, na san taku ba ta ruɗuwa da goyo yadda tawa ta yi. Za ta ruɗu da wani abin daban da ba ku sani ba tukuna, kuma ranar zanen zai fito da kyau, ya fi na kullum. Ku ƙirga. Ku shiga ɗakin in an yarda muku. Ku tambayi uwa, ta riga ku fara wannan awon.

Kwana goma bayan aikin, ranar da motar ƙarshe kafin cikar wa'adi za ta tashi da yamma, aka kawo Balki awon sallama. Malam Illa ya biyo shingayen da wasiƙar likita, ya ɗauko taksi da zai mai da su Ntoum, direba na jira a ƙofa. Yarinyar bakinta a rufe, tana cin biskit. Uwar ce ta ba ni tsoro, idanunta jawur sun faɗa.

"Malam, abin ya fi da muni," in ji ta. "Da ina jin minsharin, na san tana nan. Yanzu shiru. Sai in kwance ta in sa kunne, in mai da ta, in sake kwancewa. Ba ni jin ta ko kaɗan."

Na rataya layar. Na shigo da injin cikin ɗakin, na ajiye shi a gabanta inda za ta gani. Ta goya 'yarta ta zauna a kujera. Allura ta fara tafiya, ƙananan tudu masu sauri, ɗaya na bin ɗaya. Na ce, "Wannan nata ne, Maman Balki. Na ƙirga." Ta kafa wa allurar ido, leɓɓanta na motsi tana ƙirgawa ita ma. Minti goma, minti ashirin, ba inda ta tsaya. Sai na ga leɓɓan sun daina motsi. Kanta ya yi ƙasa a hankali har goshinta ya taɓa teburin injin.

Direba ya danna ham a waje. Na dubi Malam Illa, na kai hannu zan kashe injin. Ya riƙe mini hannu ya girgiza kai. Ya cire takalmansa don kada su yi ƙara, ya fita a hankali ya je ya roƙi direban ya ƙara jira.